An ba ni Turanci da Adabi maimakon Lauya: me ke cikin kwas ɗin, kuma ina ake faɗuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Unguwar Rogo a nan Jos. Karatun Lauya na cike a JAMB, amma sai aka ba ni Turanci da Adabi a Jami'ar Jos. A gida ana cewa mene ne abin zuwa jami'a a koyi Turanci bayan tun firamare nake yin sa. Ni kuma tsoro nake ji, don Turancina na baka ba shi da ƙarfi. Me ake karantawa a ciki, me ke kayar da ɗalibai, wane aiki ake yi da shi? In karɓa ko in jira baɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya sanya alheri.

Da ke da mutanen gida abu ɗaya kuka ɗauka, wato za a zaunar da ke shekara huɗu ana koya miki magana da Turanci. Su suna ganin ɓata lokaci ne, ke kina ganin za ki ji kunya. Ba haka kwas ɗin yake ba. Bahaushe yakan je Bayero ko Zariya ya yi digiri a Hausa, ba don bai iya Hausa ba, sai don ya san yadda aka gina ta da abin da aka gina da ita. Haka sashen Turanci yake. Rabin karatun kwance harshen ake yi, kamar yadda bakanike ke kwance inji ya jera sassansa a ƙasa. Ɗaya rabin kuma karanta abin da aka rubuta da shi ne, da koyon kafa hujja a kansa. Santsin baki kaɗai ba shi ke kawo maki ba. Sau da yawa wanda ya taso a makarantar kuɗi yana zuba Turanci kamar ruwa shi ke fara shan ƙasa a jarrabawar tsarin sauti, domin ya zo da tunanin ya riga ya iya.

Kafin komai ki duba takardunki. Dalilin da ya sa ake tura masu neman Lauya zuwa Turanci shi ne darussan da ake buƙata kusan ɗaya ne: a JAMB, Turanci da Adabin Turanci da wasu darussa biyu na fannin fasaha, irin su Gwamnati, Tarihi, Addini ko Hausa. A WAEC ko NECO kuma kiredit biyar, dole da Turanci da Adabi a ciki. Idan kiredit ɗinki na Adabi bai cika ba, ranar tantancewa za a dawo da ke, don haka ki duba yanzu. Sannan ki shiga shafinki na CAPS, inda JAMB ke nuna gurbin da aka ba ɗalibi, ki tabbata kwas ɗin da ke rubuce can Turanci ne, ki karɓa a can, ki buga takardar shiga ta JAMB. Wanda ya yi shekara huɗu a sashen Turanci alhali JAMB ba ta san shi a can ba, sai lokacin tura sunaye bautar ƙasa matsalar ke tashi, kuma gyaranta a lokacin yana cin watanni.

Digirin shekara huɗu ne, zango takwas, ga wanda ya shigo ta JAMB. Mai NCE ko IJMB yana farawa daga aji biyu. Kowane kwas yana da nauyinsa, yawanci yunit 2 ko 3, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada ɗalibi ya yi rajistar ƙasa da yunit 15 ko sama da 24 a zango ɗaya. Manhajar CCMAS da hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70 na kwasa-kwasan, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Shi ya sa tsofaffin takardun wata yayarki da ta gama tuntuni za su taimaka miki, amma kada ki yi rajista da su. Ki nemi littafin jagora na sashen, ki kuma san malamin da ke kula da ajinku tun makon farko.

Bari mu fara da ɓangaren harshe, kuma zan daɗe a kan furuci, tunda nan tsoronki yake.

Turancin Ingila da ake ɗauka ma'auni yana da sautuka 44: baƙaƙe 24, wasula 20. A cikin wasulan, 12 tilo ne, 8 tagwaye. Haruffan rubutu kuwa 26 ne kawai, to kin ga inda rigimar take. Za a koya miki alamomin rubutun sauti na duniya, IPA, a ba ki kalma ko jimla a ce ki rubuta yadda ake furta ta. Kuskuren da ya fi cin maki shi ne bin haruffa maimakon bin kunne. A debt da plumber ba a furta b, a listen ba a furta t, a sword ba a furta w. Ɗafin -ed na shuɗaɗɗen lokaci furuci uku gare shi: /t/ a walked, /d/ a begged, /ɪd/ a wanted, kuma sautin da ya gabace shi ne ke zaɓa. Akwai kuma ɗan raunanan wasalin nan /ə/ da ke farkon about da ƙarshen teacher. Shi ya fi kowane wasali yawa a maganar Bature, mu kuma ba mu da shi, sai mu cika shi da "a" ko "o". Ɗalibin da ya kama wannan wasali ɗaya ya rage kurakuransa na rubutun sauti sosai.

Matsalolin Bahaushe a furucin Turanci sanannu ne, ba su da yawa, kuma kowacce tana da dalili. Ki dubi kalmar "firamare" da kika rubuta a tambayarki. Daga primary ta fito, kuma abu biyu suka same ta. Na farko, p ta koma f, domin a Hausa sautukan biyu ba sa bambanta ma'ana, kuma "f" ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta. A Turanci kuwa pan daban fan daban, copy daban coffee daban. Gyaran a baki yake: ga f, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta ci gaba da fita, ga p, leɓɓa su rufe ruf sannan su buɗe da bugun iska. Ki riƙe 'yar takarda gaban bakinki ki ce pan, za ta yi tsalle. Abu na biyu, an cusa wasali tsakanin p da r, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Haka bread ya zama burodi, brush ya zama buroshi. Turanci yana jera baƙaƙe uku a farkon gaɓa kamar a street, har huɗu a ƙarshe kamar a texts. Saura v da muke mayarwa b, har vote ya zama boat, da th da muke mayarwa s ko z, har think ya zama sink, breathe ya zama breeze. Maganin duka ɗaya ne: ki jera irin waɗannan tagwayen kalmomi, ki saurari furucinsu a ƙamus na waya mai sauti, ki naɗi muryarki, ki kwatanta. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku daren jarrabawa, don tsokar baki ake horarwa.

Ki kuma san kina da abin da wasu 'yan ajinku ba su da shi. Kunnenki ya saba da dogon wasali da gajere, shi ke raba miki garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Wannan kunnen zai raba miki ship da sheep, full da fool, cikin sauƙi. Hausa tana da "shi" da "ita", don haka ba ki rikita he da she. Abin da zai zo miki sabo shi ne ƙarfafa gaɓa. Mu karin sauti muke amfani da shi, shi ke raba "kai" na wakilin suna da "kai" na jiki. Bature kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa ya raunana sauran: record idan an danna gaɓar farko suna ne, idan an danna ta biyu aikatau ne. Duk sabuwar kalma da kika koya, ki koye ta tare da inda ake danna ta.

Daga sauti za a hau zuwa ginin kalma, ginin jimla, ilimin ma'ana, nazarin salo, da yadda harshe ke walwala cikin al'umma. Ginin jimla shi ɗalibai ke kira lissafin sashen Turanci. Za ki zana bishiyar jimla, ki nuna wace kalma ce ke ƙarƙashin wace. Ɗauki old men and women. Daidai yake da "tsofaffin maza da mata": shin matan ma tsofaffi ne, ko mazan kaɗai? Ma'ana biyu, bishiya biyu, kuma aikinki ki zana kowacce. Inda ake rikicewa shi ne akwai mazhabobi. Nahawun gargajiya na su Quirk da Greenbaum daban, na Chomsky da ya faro da littafinsa na 1957 daban, na Halliday mai duba aikin da jimla ke yi daban, kowanne da sunayen da yake ba sassan jimla. Ɗalibi sai ya kwaso kalmomin Halliday ya amsa tambayar Chomsky da su, ya fito yana ganin ya yi ƙoƙari. Ki ware wa kowace mazhaba littafin rubutunta, kuma wannan kwas ba a karanta shi da ido: ki warware jimla biyar da biro kowace rana.

Tarihin harshen yawanci labari ne mai daɗi: zuwan ƙabilun Jamusawa Biritaniya a ƙarni na 5, mamayar Normandawa a 1066 da ta cika Turanci da kalmomin Faransanci, kawo injin buga littafi da Caxton ya yi a 1476, da babban sauyin da wasula suka yi bayan rubutu ya fara daskarewa, wanda yana cikin dalilan da suka sa rubutun Turanci ya saɓa wa furucinsa. Wanda ya karanta zai ci.

Kwas ɗin Turancin Najeriya kuwa kamar don ke aka yi shi. Marigayi Farfesa David Jowitt, Baturen Ingila da ya koyar a Bayero da nan Jami'ar Jos, ya wallafa Nigerian English Usage a 1991, kuma har yau ana dogaro da shi. A nan za ki ga Hausarki tana leƙowa ta cikin Turancin mutane. Mai fita ya ce I am coming, "ina zuwa" yake fassarawa. Well done ga mai aiki "sannu da aiki" ce. Borrow me your pen ta yi daidai da "ara mini", domin kalmar aro a wurinmu tana ɗaukar mai bayarwa da mai karɓa. Ana muhawara a kan wanne ne kuskure, wanne ne ya zama namu, kuma a Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya irin su okada da Kannywood. Amma ki kiyaye: a takardar jarrabawa daidaitaccen Turanci ake so. Informations, furnitures, equipments, I am having two brothers, da rashin sa a da the inda ya kamata su zo, duk jan biro ne.

Yanzu adabi. Zube, waƙa, wasan kwaikwayo, adabin baka. Na Afirka, na Ingila, na Amurka da Karebiyan. Sannan ra'o'in nazari. Za ki haɗu da Chaucer da Shakespeare, da Achebe, da Soyinka wanda ya ci kyautar Nobel a 1986, da Ngugi na Kenya, da marubutan Arewa irin su Zaynab Alkali da The Stillborn ta 1984, wataƙila da Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen garin nan, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016.

Abu biyu ke kayar da mutane a nan, kuma na farko shi ne rashin karanta littattafan. Ki yi lissafi da kanki. A ce kina da kwas ɗin adabi uku a zango, kowanne da littafi biyar. Littafi 15 ke nan a zangon da makonnin laccarsa ba su wuce kimanin 15 ba, wato littafi ɗaya kowane mako, ban da kwasa-kwasan harshe. Labari mai shafi 200 yana buƙatar kusan shafi 30 kullum kafin ya ƙare a mako. Wanda ya bari sai saura sati biyu jarrabawa, ba yadda zai yi sai ya koma ga taƙaitawar intanet da handawut. Malami kuwa daga sakin layi na farko yake gane wanda bai buɗe littafin ba, domin duk masu taƙaitawa misalai uku iri ɗaya suke kawowa. Ranar da aka ba da jerin littattafai ki fara nema. Tsofaffin na Ingila da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna nan kyauta a Project Gutenberg. Na Afirka ki saya, ko ku haɗa kuɗi ku huɗu kowa ya sayi wasu ku riƙa musaya. Ki karanta da fensir, kina sa lambar shafi. Ga kowane littafi ki cika shafi ɗaya tak: taurari da alaƙarsu, wurare biyar da labarin ya juya, jigogi, da gajerun maganganu huɗu ko biyar da za ki iya kawowa da ka. Wannan shafin shi za ki riƙe daren jarrabawa.

Na biyu ya fi zurfi: ba da labari a inda aka nemi hujja. A sakandare an saba wanda ya tuna abin da ya faru ya ci. A jami'a malamin ya san labarin, ra'ayinki yake nema da abin da kika dogara da shi. Ɗauki Things Fall Apart na 1958, tunda da wuya ba ki san shi ba. A ce an tambaya: tattauna rawar da tsoro ya taka a faɗuwar Okonkwo. Amsa mai rauni za ta fara da haihuwarsa, ta bi kokawarsa da aurensa da gudun hijirarsa har mutuwarsa, shafi huɗu, ta sami C in an yi sa'a. Amsa mai ƙarfi za ta buɗe da matsaya: abin da ake gani jarumta a wurin Okonkwo gudun kamanni da mahaifinsa Unoka ne, kuma wannan gudun ya kai shi ga saɓa wa al'adar da yake ganin yana karewa. Sai hujja ta biyo: dattijo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu a kisan Ikemefuna, yaron da ke kiransa uba, amma ya sare shi don kada a ce ya yi rauni, ya doki matarsa a makon zaman lafiya, abin da garinsu ya haramta. Kowane sakin layi da batu ɗaya, shaida daga littafi, da bayanin yadda shaidar ta tabbatar da batun. Mai neman A zai ƙara duban yadda aka rubuta abin, ya lura cewa a shafin ƙarshe Achebe ya miƙa labarin ga idon Baturen mulki, wanda ke tunanin rayuwar mutumin da muka bi littafi guda za ta ishi sakin layi ɗaya a nasa littafin. Wannan aikin, kafa matsaya da kare ta da shaida daga rubutu, shi ne dai aikin da kika so yi a Lauya.

Waƙar Turanci tana ba ɗalibanmu tsoro fiye da kima. Rubutacciyar waƙar Hausa ana auna ta da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, awon da ke da dangantaka da arulin Larabci. Ta Turanci da gaɓar da aka danna da wadda ba a danna ba ake auna ta. Karin da Shakespeare ya fi amfani da shi gaɓa goma ne, ƙafa biyar, kowace ƙafa raunanniya sannan dannanniya. Kin ga furucin da kika koya a can shi ke buɗe miki waƙa a nan. Ki karanta kowace waƙa da murya sau uku kafin ki ɗauki biro. Kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, alamtarwa, duk kin san su tun daga waƙoƙin makaɗanmu da karin maganar kakarki, sunayen ne kawai za su canza. Kuma kada ki tsaya a "akwai kamantawa a baiti na biyu". Ki faɗi abin da ta yi wa ma'anar.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai Musulmi ba. Adabin Ingila cike yake da ishara ga Littafi Mai Tsarki na Kirista da tatsuniyoyin Girkawa. Paradise Lost na Milton, na 1667, kacokan a kan fitar Annabi Adamu da Hauwa'u daga Aljanna aka gina shi, bisa ruwayar Kirista. Da yawa daga cikin ƙissoshin kin san su ta hanyar Islamiyya, na Annabi Nuhu, Yusuf, Ayuba, sai dai ruwayoyin sun bambanta a wurare, kuma marubucin tasu yake nufi. Sanin abin da mawaƙi ke ishara gare shi ba yarda da shi ba ne. A Jos kina da sa'a, 'yan ajinki da yawa sun tashi da waɗannan labarai. Ki tambaye su, ke kuma za su buƙace ki ranar da aka zo kan littattafan Arewa da na Senegal da Sudan. Ra'o'in nazari, na Markisanci, na mata, na bayan mulkin mallaka da sauransu, tabarau ne da ake sawa a dubi littafi. Kuskuren da aka saba shi ne a cika shafi biyu da tarihin ra'in, a manta ba a ɗora shi kan littafin ba.

Sai lissafin maki, wanda da yawa ba sa fahimta sai aji uku, lokacin da bakin alƙalami ya kusa bushewa. A tsarin maki biyar da aka fi bi, 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, kuma F sifili. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. A ce kin ɗauki kwas shida masu yunit 3, kika sami A, B, B, C, C da F. Jimilla 57, a raba da 18, ya ba da 3.17. Da F ɗin nan C ce, da jimillar ta zama 66, wato 3.67. Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Kwas ɗaya ya sauko da ke daga wani mataki zuwa wani, ga shi kuma za ki sake ɗaukarsa baɗi a kan nauyin sabuwar shekara, wataƙila laccarsa ta ci karo da wata. Wanda ya gama aji biyu da 2.50, sai ya riƙa samun kusan 4.50 a sauran shekaru biyun kafin ya taɓa 3.50. Saboda haka kada ki raina kwasa-kwasan gama-gari na GST da ake yi a cunkushe a babban ɗaki, makinsu daidai yake da na kowane kwas. Gwaji da aikin gida suna ɗaukar kashi 30 ko 40 na makin, kuma ƙa'ida tana neman halartar kashi 75 na lacca. Laccar safe a sanyin Disamba da Janairu na harabar jami'ar da ke Naraguta ta ci makin mutane da yawa. Ki tanadi rigar sanyi, ki fito da wuri.

A aji huɗu za ki rubuta kundin bincike, yawanci babi biyar. Babban kuskure faɗin batu ne. "Matsalolin Turanci a Najeriya" ba batu ba ne, teku ne. "Furucin p da f a bakin ɗalibai 30 na aji ɗaya a wata sakandare a Jos ta Arewa" batu ne, domin kina iya naɗar murya, ki ƙirga, ki kawo sakamako. Garin nan taska ne ga mai nazarin harshe: Hausa ce harshen kasuwa tsakanin Birom da Afizere da Anaguta da Angas da sauransu, ga Turanci ga Burokan. Cinikin tumatir na minti biyar a Farin Gada yana iya ɗauke da harshe uku, kuma tambayar a ina mai magana ya sauya harshe, don me ya sauya, kundi ce guda. Sai dai ki nemi izinin mutane kafin ki naɗe su. A adabi kina iya kwatanta wani littafin Hausa da na Turanci a kan jigo ɗaya, abin da wanda ba ya jin Hausa ba zai iya ba. Masu adabi sun fi bin tsarin kawo madogara na MLA, masu harshe APA. Ki tambayi mai duba kundinki tun farko, ki riƙa rubuta sunan marubuci da shekara da shafi a daidai lokacin da kike karantawa. Kada ki sayi kundi, kada ki kwafo. Manhajojin nan masu rubuta amsa kuma suna ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa bugawa ba da maganar da marubuci bai faɗa ba, kuma ranar kare kundi tambaya ɗaya ke tona asiri.

Batun aiki, gaskiya ita ce takardar kaɗai ba ta buɗe ƙofa kamar ta likita. Abin da kika iya yi da ita ake saya. Koyarwa ita ce hanya mafi faɗi, kuma malamin Turanci da Adabi da ya san aikinsa ba ya rasa makaranta, amma B.A. ba digirin koyarwa ba ne, sai kin ƙara difloma ta PGDE kin yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Akwai jarida da rediyo da talabijin, kuma Jos gari ne na wannan harka: ga PRTV, gidan rediyo da talabijin na jihar Filato, ga Kwalejin Talabijin ta NTA, ga Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Akwai gyaran rubutu a kamfanonin ɗab'i, hulɗa da jama'a, aikin gwamnati, da rubuta rahoto a ƙungiyoyi. Helon Habila, marubucin da ya ci kyautar adabi ta Caine a 2001, a wannan sashe na Jami'ar Jos ya yi digirinsa. A ganina kuwa kasuwar da ta fi dacewa da ke ita ce fassara. Masu jin Hausa da Turanci suna da yawa, amma masu rubuta duka biyun daidai, da ƙa'idar rubutu, da ɗ da ƙ da ɓ a inda suke, da raba kalma yadda ya kamata, kaɗan ne, kuma gidajen jarida irin su Aminiya da BBC Hausa da ƙungiyoyin da ke Abuja irinsu suke nema. Don haka idan akwai damar zaɓar kwas daga wani sashe, ki ɗauki na ilimin harsuna ko na Hausa, kada ki bar Hausarki ta tsaya a baka.

In karɓa ko in jira? Shawarata ki karɓa, da sharaɗi ɗaya: ki gwada kanki tukuna. Ki ɗauki labari ɗaya na Turanci mai shafi kamar 200, ki ba kanki kwana bakwai, ki gama shi, sannan ki rubuta shafi biyu a kan tambaya ɗaya: wane ne ya jawo abin da ya faru, mece ce hujjata? Idan kin gama kina jin akwai sauran abin da kike son faɗa, kwas ɗin naki ne. Idan kwana bakwai sun wuce kina shafi na 40 kuma kamar magani kike sha, ki zauna da iyayenki ku sake shawara, domin haka kowane mako zai kasance har shekara huɗu. Kada ki shiga da niyyar za ki sauya zuwa Lauya a aji biyu. Gurbin Lauya ƙayyadadde ne ga kowace jami'a, sauyin ba tabbas ba ne, kuma wanda ya zauna da ƙafa ɗaya a waje yakan lalata makin aji ɗaya, makin da ko sauyin ma da shi za a duba. Idan bayan kin gama har yanzu Lauya na ranki, masu digiri na farko suna iya nema ta hanyar shiga kai tsaye su fara daga aji biyu, kuma darajar digirin da kika fito da ita za a fara tambaya.